Shin waɗanda aka zarga da maita a Turai sun taɓa turje wa kotu?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya, ya ce ya ji ana cewa Turawa sun ƙone dubban mata da sunan maita a zamanin da, to wai haka kawai mutanen suka miƙa wuya kamar ragon layya, babu wanda ya ja da coci ko alƙalan sarki? Kuma wa ya fi kashewa tsakanin kotun coci da ta gwamnati?

Malam ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, don na daɗe ina karatu da koyarwa a kan tarihin shari'ar wannan zamanin. Amsa a gajarce ita ce sun turje, sosai ma, mata da maza, talakawa da malamai, har da wasu alƙalan kansu. Amma abin da na lura da shi bayan bin shari'o'in nan ɗaya bayan ɗaya shi ne, kuka da rantsuwa da cewa "wallahi ban yi ba" ba su cika ceton kowa ba. Abin da ke ceto shi ne a samu wanda zai tilasta wa kotu ta bi ƙa'idarta ita da kanta, a ce mata ina shaida, ina hujja, wa ya gani da idonsa. Inda aka samu hakan mutane sun kuɓuta, inda ƙaramar kotu ta samu sakewa babu na sama da zai taka mata birki kuwa, nan aka yi ɓarnar da har yau in ka karanta sai tsigar jikinka ta tashi.

Bari in fara gyara wani abu. Mayya a wajen alƙalan Turai na lokacin ba irin tamu ba ce mai ƙanƙarar maita da ake cewa ta kama kurwar yaro. Talakan ƙauye dai tsoronsa irin namu ne, saniya ta daina ba da nono, jariri ya ƙi lafiya, sai a tuna wata tsohuwa ta zo roƙo an hana ta ta tafi tana gunguni. Amma masu ilimi sai suka ɗora wani abu a kai, wai mayya ta ƙulla alkawari da Shaiɗan, tana tashi sama cikin dare zuwa taron mayu. To ka ga in dai akwai taro, dole ta ga wasu a wurin, kenan dole ta faɗi sunaye. Wannan tunanin shi ya mayar da rigimar maƙwabta biyu ta zama gobarar da ke cinye gari. Daga wajen 1450 zuwa 1750 masana na ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 40,000 zuwa 60,000, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma wajen rabi a ƙasashen Jamus ne. Abin ya fi ƙamari daga 1560 zuwa 1630. Mafi yawan hukuncin kisan kuma kotunan mulki ne suka yanke, ba kotun coci ba, duk da cewa masu wa'azi na Katolika da na Furotesta duk sun hura wutar.

Tun farkon abin ma aka fara turjiya. A 1485 wani malamin coci mai suna Heinrich Kramer ya shiga garin Innsbruck na Ostiriya ɗauke da takardar izini da Fafaroma Innocent na 8 ya bayar a 1484, ya fara wa'azi yana tara sunayen mata. Wata matar aure, Helena Scheuberin, ta haɗu da shi a hanya ta tofar da yawu ta tsine masa, ta ƙi zuwa wa'azinsa kuma ta riƙa hana wasu zuwa. Ya gurfanar da ita tare da wasu mata shida. Da aka zauna shari'a sai ya bar maganar maita ya shiga tono sirrin kwanciyarta, har wakilin bishof ya ce wannan ba shi da alaƙa da ƙarar. Lauyan da ya tsaya wa matan ya nuna an saɓa ƙa'ida tun daga tushe, aka rushe shari'ar aka sake su, bishof Georg Golser kuma ya rubuta wa Kramer ya tattara nasa ya nasa ya bar yankin. Abin takaicin, wannan kunyar da ya sha ita ta sa ya zauna ya rubuta Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu, da aka buga wajen 1486 aka yi ta maimaita bugawa har kusan shekara 200.

Dokar kanta fa ba ta ba da damar a yi yadda aka ga dama ba. Kundin hukunta laifi da babban sarkin ƙasashen Jamus, Charles na 5, ya fitar a 1532, wanda ake kira Carolina, ya yarda da azabtarwa amma da sharuɗɗa, sai an samu alamu masu ƙarfi, sannan abin da mutum ya faɗa cikin azaba sai ya sake faɗa bayan an kwance shi, in shari'a ta rikice kuma a aika fayil wa malaman shari'a na jami'a su duba. Masu farautar mayu sai suka ce ai maita laifi ne na daban, ba a bin waɗannan sharuɗɗan a kansa. Duk faɗan da aka yi ta yi shekara da shekaru a kan wannan gaɓar yake.

Kes ɗin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na mahaifiyar Johannes Kepler, wannan masanin taurarin da ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana. Sunanta Katharina, gwauruwa ce a garin Leonberg cikin ƙasar Württemberg ta Jamus, ba ta iya karatu ba, tana haɗa magungunan gargajiya, kuma kowa ya san ba ta barin ko ta kwana in aka taɓa ta. A 1615 wata maƙwabciya, Ursula Reinbold, ta ce tsohuwar ta ba ta wani abin sha da ya sa mata ciwo. Iyalan Katharina ba su zauna jira ba, suka riga ta zuwa kotu da ƙarar ɓata suna, wanda shi ne makamin da mutane da yawa ke amfani da shi lokacin, don in ka yi shiru an kira ka maye to shirun ma shaida ne a kanka. Amma hakimin garin, Lutherus Einhorn, yana tare da ɓangaren Reinbold, ya yi ta jan ƙafa da ƙarar tasu yana tara nasa shaidun har tuhuma ta kai 49. A watan Agusta 1620 aka zo aka ɗauke ta daga gidan 'yarta, tsohuwa mai shekara sama da 70, aka kai ta kurkuku a Güglingen aka sa mata sarƙa, masu gadi biyu a kanta kuma da dukiyarta ake biyan su.

Kepler ya ajiye aikinsa a Linz ya taho. Ka yi tunani, mutumin da ke lissafin tafiyar taurari ya koma yana bin maganar wa ya ce ƙafarsa ta yi ciwo bayan tsohuwa ta wuce, wa ya ce an taɓa hannun yarinya. Bai tsaya musun ko akwai maita a duniya ba, wannan da ya yi da ya ƙara jefa ta cikin rami. Sai ya nemi a ba shi duk shaidun a rubuce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan jita-jita ce ba gani ba, wannan yana yaro lokacin da yake cewa abin ya faru, wannan maganarsa ta yau ta saɓa da ta jiya, wannan ciwon kuma likita zai iya faɗin dalilinsa. Takardar kariyar ta kai shafi 128. Har magatakardan kotu ya rubuta cikin rijista cewa wadda ake tuhuma ta bayyana, abin baƙin ciki, tare da ɗanta masanin lissafi. Wani abin da ke taɓa min zuciya kullum, an kafa mata hujja da cewa ba ta yi kuka a kotu ba, don sun yarda mayya ba ta zubar da hawaye, sai ta ce ta yi kuka a rayuwarta har hawayen sun ƙare. Aka aika fayil jami'ar Tübingen, malaman can suka ce hujjar ba ta kai a azabtar da ita ba, amma a tsorata ta. Aka kai ta ɗakin azaba, hauni ya baje mata kayan aikinsa yana bayyana mata aikin kowanne, tsohuwar nan ta ce ko za a zare jijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya ba ta da abin da za ta amsa, ta durƙusa ta yi addu'a. A Oktoba 1621 aka sake ta bayan wata 14 a ɗaure, ta rasu a Afrilu 1622. Ta tsira daga wuta saboda taurin zuciyarta da kuma ɗa mai ilimi da sanayya a fada. Mata nawa ne ke da irin wannan ɗan?

To yanzu duba inda babu birki. A Bamberg ta Jamus bishof shi ne kuma sarki, Johann Georg Fuchs von Dornheim, don haka addini da mulki hannu ɗaya suke, babu inda za ka kai kuka a cikin ƙasar. Daga 1626 zuwa 1631 an kashe mutum wajen 900, har gidan yari na musamman aka gina wa mayu a 1627. Babban jami'in fadarsa, Georg Haan, ya yi ƙoƙarin sassauta abin, aka ƙone shi da matarsa da wasu 'ya'yansa. Magajin garin, Johannes Junius, mai shekara 55, wanda an riga an kashe matarsa, shi ma aka kama shi a 1628. Rijistar kotu ta nuna ya amsa laifi da bakinsa. Amma ya samu ya rubuta wa 'yarsa Veronica wasiƙa a ɓoye ranar 24 ga Yuli 1628, da hannun da ya ce sai da ya yi kwanaki kafin ya gama rubutun saboda an ragargaza shi. Ya ce mata ba shi da laifi ya shigo kurkuku, ba shi da laifi aka azabtar da shi, ba shi da laifi zai mutu. Ya ba da labarin yadda aka matse yatsunsa da ƙarfe har jini ya fito ta farata, aka ɗaure hannunsa ta baya aka ja shi sama aka sako har sau takwas. Da ake mayar da shi ɗaki, haunin da kansa ya roƙe shi don Allah ya ƙirƙiro wani abu ya faɗa ko gaskiya ko ƙarya, don ba zai iya jure abin da ke tafe ba kuma ba za su taɓa sakinsa ba. Ya ƙirƙira. Sai suka ce ya bi garin titi-titi ya faɗi wa ya gani a taron mayu daga kowane layi. Ya kuma gaya mata waɗanda suka ambaci sunansa sun nemi gafararsa, sun ce su ma tilas aka yi musu. A wajena wannan wasiƙar turjiya ce cikakkiya, mutum an karɓe masa komai amma ya ƙi yarda ƙarya ta zama ita ce maganarsa ta ƙarshe a wajen 'yarsa.

Abin da ya tsayar da Bamberg daga waje ya zo. Waɗanda suka gudu zuwa Nuremberg suka yi ta aika koke zuwa ga babban sarki Ferdinand na 2 da majalisar shari'arsa, musamman bayan an kashe wata mata Dorothea Flock a 1630 duk da sa bakin da aka yi daga sama. Oda ta fito a bi dokar Carolina a daina ƙwace dukiyar mutane, abin ya lafa a 1631, a 1632 kuma sojojin Sweden suka shigo bishof ɗin ya tsere. A 1631 ɗin nan ne wani limamin Katolika ɗan ƙungiyar Jesuit, Friedrich Spee, ya fitar da littafinsa Cautio Criminalis ba tare da ya sa sunansa ba, kuma yana da dalilin ɓoyewa, don a Trier an ƙone alƙali Dietrich Flade a 1589, an kuma tilasta wa malami Cornelius Loos janye rubutunsa a 1593. Hujjar Spee mai sauƙi ce, in ta amsa an ce mayya ce, in ta jure an ce Shaiɗan ne ya ƙarfafa ta, to ta wace ƙofa marar laifi zai fita? Azabar ce ke ƙera mayun.

Sai ɓangaren tambayarka na biyu, kuma nan ne mutane ke mamaki. Kotun binciken aƙida ta Sifaniya, Inkwizishan, wadda ta yi ƙaurin suna wajen gallaza wa Yahudawa da Musulmin Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci, kuma ba na wanke ta daga wannan ko kaɗan, a maganar maita ta fi yawancin kotunan mulki taka-tsantsan. Dalilin kuwa wani mutum ne da wani ƙauye. A ƙarshen 1608 wata budurwa, María de Ximildegui, ta dawo ƙauyen Zugarramurdi na ƙasar Basque daga tsallaken iyakar Faransa ta ce ta taɓa shiga mayu kuma ta ga wasu 'yan ƙauyen a taron. Da farko mutanen gari sun kashe wutar da kansu, waɗanda aka zarga suka nemi gafara a coci aka yafe wa juna. Amma labari ya kai reshen Inkwizishan da ke garin Logroño, ga shi a 1609 alƙali Pierre de Lancre yana ƙone mutane a ɓangaren Faransa tsoro ya cika ko'ina. A Nuwamba 1610 aka yi gagarumin taron hukunci a Logroño, aka ƙone mutum shida da ransu, biyar da suka mutu a tsare aka ƙone mutum-mutuminsu.

Maimakon abin ya mutu sai ya bazu. Yara suka fara mafarkin ana ɗauke su da dare, iyaye suka riƙa kama maƙwabta suna ɗaure su suna dukansu har sai sun amsa. A 1611 aka tura ƙaramin cikin alƙalai uku na kotun Logroño, Alonso de Salazar Frías, ya zaga duwatsun da shelar afuwa ga duk wanda ya zo ya tuba. Ya yi wata wajen takwas yana yawo, ya saurari mutum 1,802, daga ciki 1,384 yara ne ƙanana. Shi ma fa da hannunsa a hukuncin 1610. Amma sai ya yi abin da ba a saba ba, ya gwada maganganun. Man da aka ce mayu na shafawa su tashi sama ya sa likitoci da masu haɗa magani suka duba, aka gwada a kan dabbobi, babu abin da ya faru. 'Yan matan da suka ce Shaiɗan ya kwana da su aka sa ungozoma suka duba aka same su da budurcinsu. Waɗanda suka ce wuri ɗaya suke taro ya sa aka kai su ɗaya bayan ɗaya su nuna wurin, maganarsu ta sha bamban. Mutum 81 suka zo suka janye abin da suka amsa a baya, suka ce tsoro da matsin dangi da na limaman coci ne ya sa su faɗa. Ya rubuta wa hedikwata a Madrid cewa bai samu ko hujja ɗaya ba da ke nuna an yi maita ko sau ɗaya, kuma babu mayu babu waɗanda aka kama sai da aka fara maganarsu da rubutu a kansu. Abokan aikinsa biyu suka taso masa, har suka ce Shaiɗan ne ya rufe masa ido. Ya tsaya kan bakansa, ya kuma amsa nasa kuskuren na baya. A Agusta 1614 majalisar ƙoli ta Inkwizishan ta fitar da sabuwar ƙa'ida, dole a nemi hujja ta zahiri, a bar mutum ya janye maganarsa ba tare da tsoro ba, a daina wa'azin da ke tayar da hankali. Daga nan ƙona mayu ya kusan ƙarewa a hannun wannan kotun, amma a Kataloniya kotunan garuruwa sun ci gaba da rataye mata a shekarun da suka biyo baya.

Irin wannan ne a Faransa, babbar kotun Faris ta wajabta ɗaukaka ƙara a duk hukuncin kisa na maita a 1624, ta yi ta soke hukuncin ƙananan alƙalai, sai dai a wasu ƙauyuka mutane kan riga kotu su kashe wanda suke zargi don sun san in an je Faris za a sake shi. Wannan ma turje wa shari'a ne, amma ta mummunan ɓangare, kuma ya kamata a faɗe shi. Sarki Louis na 14 ya taƙaita shari'ar maita a 1682, Ingila ta soke tata dokar a 1736.

Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ya fi kusa da abin da na gani da idona. Ina yaro a unguwarmu aka fito da wata tsohuwa tsakar rana, yarinyar maƙwabta na kwance da zazzaɓi tana sambatu tana kiran sunanta, aka ce sai ta tsallake ta ta sako kurwarta. Na tuna zaninta ya kwance tana riƙe da shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana kare kanta daga jifa. Uwar yarinyar na kuka tana cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, kuma kukanta na gaskiya ne, 'yarta take gani tana tafiya. Mai unguwa ne ya ratso taron ya ja tsohuwar zuwa zaurensa ya ce duk mai magana ya zo gaban alƙali da shaidarsa, babu ko mutum ɗaya da ya je.

Abin ya tsallaka har wajen Turai ma, a Salem ta Amurka a 1692 an rataye mutum 19, kuma duk waɗanda suka ƙi amsa laifi ne ko suka janye amsawarsu, waɗanda suka amsa suka tsaya a kai ba a kashe su ba. Kotun ta karɓi shaidar cewa an ga kurwar mutum tana shaƙe yara alhali jikinsa na gida. Mary Easty, tana jiran igiya, ta rubuta wa alƙalai cewa ba ranta take roƙo ba, tana roƙon kada a ƙara zubar da jinin marasa laifi, a ware masu zargin a yi musu tambaya ɗaya bayan ɗaya. Gwamna Phips ya rushe kotun a Oktoba, ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe a coci a 1697 aka karanta neman gafararsa, a 1711 aka biya wasu iyalai diyya. Shi kuwa Giles Corey, manomi mai shekara wajen 80, ya ga duk wanda ya shiga gaban kotun nan an kama shi da laifi, sai ya ƙi furta kalmomin da ke ba kotu damar yi masa shari'a. Doka ta ce a danne irinsa da nauyi har ya yi magana. Aka kwantar da shi a fili aka ɗora katako a ƙirjinsa ana jibga duwatsu, ya cika ranar 19 ga Satumba 1692, kotun ba ta samu ta yanke masa hukunci ba.